Idan na ƙarya ma yana yin al'ajibi, da me za a gane shi?

Mai_Nazari ya rubuta:

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Ina da tambaya ga malamai da dattawan wannan zaure.

A Matiyu 24, da almajirai suka tambayi Ubangiji alamar zuwansa da ta ƙarshen zamani, bai fara da yaƙi ko yunwa ko girgizar ƙasa ba. Ya fara da jan kunne, cewa su kula kada kowa ya ruɗe su. Ya maimaita a aya ta 11, ya sake a aya ta 24, inda ya ce almasihan ƙarya da annabawan ƙarya za su nuna manyan alamu da al'ajibai, har su ɓad da zaɓaɓɓu in da zai yiwu.

To ga inda na cije. Idan na ƙarya yana al'ajibi, yana kiran sunan Yesu, yana buɗe Littafi Mai Tsarki a kan bagade, da me za a gane shi? Kada a ce mini kawai in yi addu'a Ruhu zai nuna mini. Na yarda da wannan, amma waɗanda aka ruɗa ma suna addu'a. Ina so a zayyana mini ma'aunin dalla-dalla: me ake dubawa, wanne ake fara dubawa, a ina mutane suka fi zamewa. Sannan dabbobin Wahayin Yahaya 13 da lambar 666, abin can gaba ne kawai, ko suna da amfani wajen auna abin da ke faruwa cikin ikilisiya yanzu?

Malamin_Tauhidi ya amsa:

Ɗan'uwa, bari in ɗauki rabin tambayarka na biyu, domin shi ke buɗe na farkon.

Wanda yake buga kuɗin jabu ba ya ƙirƙiro sabuwar takarda mai launin da ba a taɓa gani ba. Wadda ke yawo a hannun mutane yake kwaikwaya, kuma iya kamarta da ta ainihi, iya nisan da za ta yi kafin a kama ta. Haka Wahayi 13 ya zana mulkin Shaiɗan. Ka ɗauki fensir ka ja layi tsakanin ayoyin nan, za ka ga abin da idonka.

Uba ya ba Ɗan iko da kursiyi. A 13:2 macijin ya ba dabbar da ta fito daga teku ƙarfinsa da kursiyinsa da babban iko. A 5:6 Yahaya ya ga Ɗan Rago tsaye kamar an yanka shi. A 13:3 ɗaya daga kawunan dabbar kamar an yanka shi, amma raunin ya warke. Kalmar Helenanci ɗaya ce a wuraren biyu, wato har mutuwa da tashi sai da aka yi jabunsu. A Fitowa 15:11 Isra'ila sun rera cewa wa ya yi kama da Ubangiji, a Wahayi 13:4 duniya tana cewa wa ya yi kama da dabbar. An kira Allah wanda yake, wanda ya kasance, mai zuwa kuma, a 1:8. A 17:8 an ce dabbar ta kasance, ba ta nan, za ta kuma zo.

Dabba ta biyu ita ce ta fi shafar tambayarka. Daga ƙasa ta fito, tana da ƙaho biyu kamar na ɗan rago, amma maganarta ta maciji ce. Ba ta neman a yi mata sujada, aikinta shi ne ta juya mutane ga dabba ta fari, kamar yadda Ruhu Mai Tsarki yake ɗaukaka Ɗan. Tana sauko da wuta daga sama, abin da kowa ya sani da annabi Iliya. Tana ba gunki numfashi. Tana sa alama a hannun dama ko goshi, alhali a 7:3 da 14:1 bayin Allah ne ke ɗauke da hatimi da suna a goshinsu. Daga 16:13 zuwa gaba Yahaya ya daina kiranta dabba, ya kira ta annabin ƙarya. Ka lura da kyau: ido ya ga ɗan rago, kunne ne ya gane maciji. Wannan aya, Wahayi 13:11, kusan ita ce amsar tambayarka duka.

Bulus ma haka ya faɗa a 2 Tasalonikawa 2. Kalmar da ya yi amfani da ita don zuwan Ubangiji a aya ta 1 da ta 8, ita ya sa wa zuwan mutumin nan na tawaye a aya ta 9. Ya ce zai zo da iko da alamu da al'ajibai, kalmomi ukun da Bitrus ya shaidi Yesu da su ranar Fentikos a Ayyukan Manzanni 2:22. Akwai wani ɗan abu a surar da ake yawan tsallakewa. A aya ta 2 Bulus ya ambaci hanyoyi uku da labarin ƙarya ke shiga ikilisiya: ta ruhu, wato annabci, ta magana, da ta wasiƙa da aka ce daga manzanni take. Tun yana raye ana iya buga wasiƙar bogi da sunansa. Shi ya sa a 3:17 ya karɓi alƙalami ya rubuta gaisuwar da hannunsa, ya ce ita ce alamar kowace wasiƙarsa.

Kalmar magabcin Almasihu kuwa, mutane da yawa suna zaton daga Wahayi take. Ba ta ciki ko sau ɗaya. A ayoyi huɗu kaɗai ta fito: 1 Yahaya 2:18, 2:22, 4:3 da 2 Yahaya 7. Gaɓar farko ta kalmar a Helenanci tana ɗaukar ma'ana biyu, mai gāba da, da kuma mai tsayawa a madadin. Yahaya ya ce kun ji yana zuwa, ga shi kuwa da yawa sun riga sun zo, kuma daga cikinmu suka fita. Bulus ya gaya wa dattawan Afisa irin wannan a Ayyukan Manzanni 20:30. Don haka ko kana cikin masu ganin Wahayi 13 ya cika a zamanin daular Roma, ko masu jiran cikarsa a gaba, ko masu ganin yana maimaituwa a kowane zamani, salon aikin ɗaya ne, kuma Bulus ya ce asirin tawayen ya riga ya fara aiki. Kama da wane ba ta wane.

Abu ɗaya game da iyakar jabu. Masu sihirin Fir'auna sun mai da sanda maciji, sun mai da ruwa jini, sun fito da kwaɗi. A annoba ta uku suka gaza, suka ce wannan yatsan Allah ne. Amma dubi abin da suka yi a annoba biyun da suka iya: ƙara jini suka yi a ƙasar da ba ruwan sha, suka ƙara kwaɗi a ƙasar da kwaɗi suka cika. Ba su iya janye ko ɗaya ba. Musa ne Fir'auna ya roƙa ya yi addu'a a kawar da su.

Dattijuwar_Zumunta ta amsa:

Malam ya shimfiɗa tushe, Allah ya ƙara basira. Ɗana, ga yadda ake awon a aikace. Jerin yana da muhimmanci, domin yawancin mutane daga ƙarshe suke farawa.

Ka ajiye al'ajibin gefe tukuna. Kada ka ɓata lokaci kana gardamar ko na gaske ne ko rufa-ido. Maimaitawar Shari'a 13:1-3 ta riga ta yanke wannan: annabi ya ba da alama, alamar ta cika, sannan ya ce a bi wasu alloli, to kada a saurare shi. A Matiyu 7:22 masu cewa sun yi annabci, sun fitar da aljanu, sun yi ayyukan iko da sunan Yesu, bai ce musu ƙarya suke ba su yi ba. Ya ce bai taɓa saninsu ba. Yahaya Maibaftisma kuwa bai yi al'ajibi ko ɗaya ba, Yahaya 10:41 ta faɗa, amma duk abin da ya ce game da Yesu gaskiya ne.

Na farko, wane Yesu yake wa'azi? 1 Yahaya 4:2-3 ta ba da tambayar: ya yarda Yesu Almasihu ya zo cikin jiki? Yahaya ya rubuta haka ne saboda masu cewa Almasihu ya yi kamar mutum ne kawai. Bulus a 2 Korantiyawa 11:4 ya yi maganar wani Yesu dabam, wani ruhu dabam, wata bishara dabam. Inda ake zamewa a nan shi ne a tambayi mutum ko ya gaskata da Yesu, ya ce i, a ce ya ci jarrabawa. Baiwar nan mai duba a Filibi gaskiya tsantsa take faɗa a bayan Bulus, cewa bayin Allah Maɗaukaki ne, amma ruhun da ke cikinta sai da aka fitar. Amsar baki ba ta isa ba. Ka saurari wa'azinsa goma ko fiye a jere, ba gutsuren minti biyu da ake yaɗawa a waya ba. Ka riƙa rubuta abu uku: sau nawa gicciye da tuba da tashin Almasihu suka fito, me ya ce mutum zai yi ya tsira, kuma wa mai sauraro zai fita yana jin ba zai iya rayuwa ba tare da shi ba. Idan amsar ta ukun shi mai wa'azin ne, ko mansa, ko ruwansa, ko kyallensa, an riga an sa wani a madadin Almasihu ko da ana ta ambaton sunansa.

Na biyu, yadda yake riƙe Nassi. Shaiɗan ya kawo Zabura 91 a jarrabar Yesu, don haka jawo aya ba shaida ba ce. Duk ayar da ya kafa hujja da ita, ka karanta surar gaba ɗaya, ka ga wa ake yi wa magana da kuma a kan me. Mutanen Biriya haka suka yi wa Bulus kansa kowace rana, aka kuwa yabe su. Ka gwada da ayar da aka fi fakewa da ita, kada ku taɓa shafaffuna, Zabura 105:15. Ka karanta daga aya ta 8, za ka ga Ibrahim da Ishaku da Yakubu ake nufi suna yawo cikin al'ummai, sarakuna kuma ake gargaɗi kada su cuce su. Babu ruwanta da hana ɗan ikilisiya yin tambaya.

Na uku, annabcinsa. A rubuta shi ranar da aka faɗe shi, da kalmominsa, da kwanan wata, da shaidu. Dalili kuwa, in ba a rubuta ba, bayan wata shida za a tuna wanda ya yi kusa da cika a manta tara da suka faɗi. Maimaitawar Shari'a 18:22 ta ce abin da bai cika ba, ba Ubangiji ne ya faɗa ba. Irmiya 28 ta nuna yadda ake yi. Hananiya ya ce cikin shekara biyu za a komo da kayan Haikali daga Babila, har ya karya karkiyar da ke wuyan Irmiya a gaban jama'a. Irmiya ya ce amin, Allah ya sa haka, amma mai annabcin salama sai maganarsa ta cika ake saninsa. A wata na biyar aka yi wannan, a wata na bakwai Hananiya ya mutu, bautar kuwa shekara 70 aka ƙayyade mata.

A nan akwai ramin da ake faɗawa ta gefe biyu. Yunusa ya ce saura kwana 40 a kife Nineba, ba a kife ta ba, shi kuwa ba annabin ƙarya ba ne, domin Irmiya 18:7-10 ta ce gargaɗin hukunci yana janyuwa in an tuba. Masu ruɗi sun san wannan ƙofa, ta nan suke fita: addu'arku ce ta kawar, ko rashin bangaskiyarku ne ya hana. Tambayar da za ka yi ita ce, an faɗi sharaɗin tun farko, ko bayan ranar ta wuce aka lalubo shi? Sannan maganar da ba yadda za ta yi ta faɗi, irin "akwai wani a nan da ke fama da ciwon baya" a taron mutum dubu, ba a lissafa ta cikin annabci.

Na huɗu, kuɗi da jiki da iko. Bulus ya lissafa wa Korantiyawa abin da manzannin ƙarya ke yi musu a 2 Korantiyawa 11:20: suna bautar da su, suna cinye su, suna ɗaga kai, har suna marinsu a fuska, su kuwa suna haƙuri. Siman mai sihiri a Samariya ya so sayen ikon ɗora hannu da kuɗi. Elisha ya ƙi karɓar ko allura daga Na'aman bayan ya warke, Gehazi da ya bi bayansa ya karɓa ya kwashi kuturta. Ikilisiyar farko ta mai da wannan doka mai lamba. Littafin nan da ake kira Didake, na ƙarshen ƙarni na farko ko farkon na biyu, ya ce manzo mai yawo ya kwana ɗaya, in da bukata biyu, in ya kai uku annabin ƙarya ne. In zai tafi a ba shi gurasar da za ta kai shi masauki na gaba, in ya roƙi kuɗi annabin ƙarya ne. Ba Nassi ba ne, ba kuma za a ɗauki kwana ukun a ɗora wa kowa ba, amma ka ga inda suka sa ido.

Mai_Nazari ya sake rubutawa:

Na gode Mama, na gode Malam. Amma ga tsorona. Da wannan ma'auni a hannun kowa, ba za a wayi gari kowane fasto yana kiran ɗan'uwansa annabin ƙarya ba? Kuma har yanzu ba wanda ya taɓa 666 ɗin.

Ɗalibin_Tarihi ya amsa:

Tsoronka yana kan hanya, ɗan'uwa, kuma da izinin Mama zan ce ma'aunin yana da gefen da ba ta taɓa ba. Farautar jabu ita kanta ƙofar ruɗi ce, kuma ta cinye mutane da yawa.

Fara da lambar. A Helenanci da Ibrananci haruffa su ne lambobi, don haka kowane suna yana da jimla. Idan aka rubuta Neron Kaisar, wato Nero sarkin Roma, da haruffan Ibrananci, ana samun 50, 200, 6, 50, sannan 100, 60, 200. Jimla 666. In aka cire harafin ƙarshe na Neron, yadda ake faɗin sunan a Latin, 50 ta fita, saura 616, kuma akwai tsofaffin kwafe na Wahayi da ke ɗauke da 616 ɗin. Wannan ya sa masana da yawa suke ganin Nero ne Yahaya ya nuna da baki. Wasu kuma suna ganin shida sau uku gazawa ce ga bakwai, lambar cika, musamman da yake sunan Yesu a Helenanci yana ba da 888. Ireniyas, bishop na Liyon, wajen shekara ta 180 ya san da 616, ya ɗauke ta kuskuren masu kwafa. Ya kawo sunaye uku da suka dace da 666, sannan ya ƙi tsayar da ko ɗaya, domin sunaye da yawa suna iya ba da jimlar. Daga suna zuwa lamba hanya ɗaya ce, daga lamba zuwa suna hanyoyi ba iyaka. Wanda ya yarda ya canza harshe, ya ƙara laƙabi, ya cire harafi, zai fitar da 666 daga sunan kowa, har nasa.

Alamar ma haka. An ce layukan da ake bugawa a jikin kayan kanti ne, aka koma katin banki, aka koma ƙwayar na'ura da ake sa wa a ƙarƙashin fata, aka koma allurar rigakafi. Duk wanda ya karanta 13:15-17 da 14:9-11 zai ga alamar ba ta rabuwa da sujada ga dabbar. Kuma hannu da goshi daga Maimaitawar Shari'a 6:8 suka fito, inda aka ce a ɗaura maganar Allah a hannu da goshi. Magana ce ta wa kake yi wa biyayya, da sani. Ba abu ne da za a ɗirka wa mai bi yana barci ya farka ya ga ya hallaka ba. Koyarwar da ke cewa haka ta mai da ceto abin da allura ke iya warwarewa.

Sai masu sa rana. William Miller a Amurka ya ɗauki kwana 2,300 na Daniyel 8:14, ya mai da kowace rana shekara, ya fara ƙirga daga 457 kafin haihuwar Almasihu, ya ɗauka tsarkake Wuri Mai Tsarki shi ne dawowar Ubangiji. Mabiyansa suka tsayar da 22 ga Oktoba 1844. Lissafin bai da laifi, zato ukun da aka ɗora shi a kai ne ba wanda ayar ta faɗa. A Koriya ta Kudu an sa 28 ga Oktoba 1992 ranar fyaucewa, wato ɗauke masu bi zuwa sama, mutane suka bar aiki suka sayar da gidaje, aka kuma samu jagoran da takardun jari da wa'adinsu ba zai cika ba sai 1993. Harold Camping ya sa 1994, ya sa 21 ga Mayu 2011, da ta wuce ya ce hukuncin a ruhaniya ya faru, ya matsa zuwa 21 ga Oktoba. Shi dai daga baya ya fito ya amsa cewa ya yi kuskure, abin da kaɗan ke yi. Matiyu 24:36 da Ayyukan Manzanni 1:7 suna nan a buɗe duk lokacin da ake wannan lissafi. Abin lura, duk waɗannan da sunan faɗakar da mutane game da ƙarshen zamani suka tara jama'a.

Game da kiran kowa annabin ƙarya, Nassi ya raba mai kuskure da kyarkeci. Afolos yana wa'azi da ilimi rabi, Bilkisu da Akila suka ja shi gefe suka cika masa, ba su yi shelarsa ba. Almajirai sun hana wani fitar da aljanu don ba ya cikin ƙungiyarsu, Yesu ya ce kada su hana shi. Mafi nauyi, a Markus 3 malaman Attaura ne suka ga aikin Ruhu suka ce na Ba'alzabul ne, a kansu kuma gargaɗin saɓon da ba a gafartawa ya sauka. Saɓani kan ko fyaucewa kafin babban tsanani take ko bayansa, ko yadda za a fahimci shekara dubu ta Wahayi 20, bai mai da kowa magabcin Almasihu ba. Masu bi na ƙwarai sun rabu a kan batun shekara dubun tun ƙarnonin farko.

Malamin_Tauhidi ya ƙara da cewa:

Na yarda da ɗan'uwa, sai dai kada gudun zargi ya sa a yi shiru. Ikilisiyar Afisa an yabe ta a Wahayi 2:2 don ta gwada masu kiran kansu manzanni ta same su maƙaryata. Ta Tayatira an tsauta mata a 2:20 don ta ƙyale annabiyar ƙarya tana koyarwa. Abin da ke hana rikicin da kake tsoro shi ne awon ya zama aikin ikilisiya, ba na mutum ɗaya da wayarsa ba. 1 Korantiyawa 14:29 ta ce annabawa biyu ko uku su yi magana, sauran su auna. 1 Tasalonikawa 5:19-21 ta haɗa duka: kada a kashe wutar Ruhu, kada a raina annabci, a gwada kome.

A aikace ga yadda dattawa za su bi. Ba a karɓar ƙara a kan shugaba sai da shaidu biyu ko uku, 1 Timoti 5:19. A kawo kalmominsa yadda ya faɗe su, ba yadda aka ji an ce ba. A zauna da shi a buɗe Nassi. Yadda ya karɓi zaman shi ne gwaji mafi kaifi, domin mai kuskure yana iya jin zafi amma zai tsaya a duba ayar, kyarkeci kuwa zai bar ayar ya koma kan wanda ya yi tambayar, ya ce aljani ne ke magana ta bakinsa ko la'ana za ta bi shi. Titus 3:10 ta ba da gargaɗi na farko da na biyu, sannan a rabu. Idan koyarwar a fili aka yi ta, gyaran ma a fili za a yi, kamar yadda Bulus ya yi wa Bitrus a Antakiya. In akwai zamba ko lalata ko duka, wannan laifi ne na hukuma, zaman dattawa ba ya maye gurbinta.

Warkarwa ma ana bincikenta. Yesu ya aika kuturu wurin firist ya duba shi. A 1986 a Amurka an bankaɗo wani mai wa'azin warkarwa da ke kiran sunayen mutane da cututtukansu kamar wahayi, ashe matarsa ce ke karanto masa ta rediyo zuwa ƙaramar na'ura a kunnensa, daga katunan roƙon addu'a da mutane suka cika a ƙofa. Don haka a tambaya: wa ya karɓi bayanan mutane kafin taro, akwai shaidar likita kafin da bayan, kuma yaya mutumin yake bayan wata uku? Kada kowa ya ajiye maganinsa kafin likita ya tabbatar.

Dattijuwar_Zumunta ta rufe da cewa:

Saura abu ɗaya, ɗana, matakin da ba a jiran zaman dattawa. A Jonestown ta ƙasar Guyana mutum fiye da 900 suka mutu a 18 ga Nuwamba 1978. A Kanungu ta Yuganda ɗaruruwa suka ƙone a cikin ɗakin sujada a 17 ga Maris 2000, bayan ranar ƙarshen duniya da aka sa musu ta wuce. A dajin Shakahola na Kenya daga 2023 an tono gawarwaki fiye da 400 na mutanen da aka ce su yi azumi har su sadu da Yesu. Koyarwarsu ba ɗaya ba ce, amma matakan sun yi kama. Shugaban ya zama shi kaɗai ke jin muryar Allah. Sauran ikilisiyoyi duka sun zama Babila. A raba mutum da danginsa, a karɓe dukiyarsa, a cire yara daga makaranta, a hana asibiti, daga ƙarshe a kwashe jama'a zuwa keɓaɓɓen wuri su jira. Yesu ya ambaci wuraren da sunansu a Matiyu 24:26: in an ce yana jeji kada ku fita, in an ce yana cikin lolokin ɗaki kada ku gaskata, domin zuwansa kamar walƙiya ne daga gabas har yamma.

Idan naka ya kai matakin sayar da kaya, ko barin magani, ko shirin ƙaura, kada ka tsaya gardamar 666 da shi. Kada kuma ka zagi shugabansa, an riga an gaya masa danginsa za su tsananta masa, zaginka cika annabcin zai yi a idonsa. Ka riƙe zumunci, ka riƙa kiransa, ka san inda yake kwana. Ka yi masa tambayoyin da zai tafi da su: me aka ce zai faru, yaushe, me za ka yi in ranar ta wuce, wa ke riƙe da kuɗin, me ya sami waɗanda suka fita? In akwai yara ko marar lafiya a ciki, a sanar da hukuma a ranar, ba sai an gama shawara ba.